Tankin Ruwan Zafi Da Zaman Lafiyar Gidanmu

Duk wanda ya taɓa kwana a Nkomkana cikin watan Yuli ko Agusta ya san yadda asubar Yawunde take. Garin yana bisa tuddai, kimanin mita 750 sama da teku, don haka ruwan da ya kwana a bokiti yakan wayi gari kamar an tsoma ƙanƙara. Mu masu sauran ƙarfi mukan cije mu yi alwala. Amma Baba, wanda ya haura saba'in kuma gwiwoyi suka fara yi masa gardama, sai ya riƙa makara a sallar asuba yana jiran a hura gawayi.

Wannan ne ya sa muka haɗa ɗan abin da muka tara muka sayo tankin ruwan zafi mai aiki da lantarki, mai cin lita 50. Muka jona shi, muka murɗa maɓallin zafin har ƙarshe, muka bar shi a kunne dare da rana. Muna ganin mun yi wa mahaifi gata.

Abin da muka manta shi ne gidanmu na haya ne, iyali uku, mita ɗaya. Da takardar kuɗin wuta ta zo, sai maƙwabcinmu ya yi sallama da ita a hannu, ya ce, "Malam, ku ne masu ilmi, ku duba mana wannan lissafi. Mu dai ba mu ƙara ko ƙwan fitila ɗaya ba." Bai ɗaga murya ba, amma matan gida sun yi kwana biyu ba gaisuwar kirki.

Sai muka zauna da alli, yadda muke sa yara su yi a aji. Ɗaga zafin lita 50 daga digiri 20 zuwa 60 yana cin kilowat-awa 2.3 a kowane karo. A wata guda ya kai 70, in sau ɗaya ake dafawa a rana. Mu kuwa yara sun mai da shi wurin wasa, har wanke-wanke da shi ake yi, yana cikawa yana sake dafawa. Ga shi kuma a jadawalin farashin 2012, gidan da bai wuce 110 a wata ba yana biyan sefa 50 kan kowane ɗaya, wanda ya haura kuwa ya shiga layin sefa 79. Ashe tankinmu ne ya tura gidan duka zuwa layin tsada. Muka biya bambancin, muka ba da haƙuri.

Ba mu gama farfaɗowa ba sai aka ɗauke ruwan famfo. Tankin ya tsiyaye, ga shi a kunne, ƙarfen da ke dafa ruwan ya ƙone. Mai gyaran da muka kira ya koya mana abin da ya kamata mu tambaya tun farko, kuma muna son 'yan uwa na Briqueterie da Tsinga su ji.

Da an ɗauke ruwa, a kashe wutar tanki, kada a kunna sai ya cika har famfon zafi ya zubo sosai. Maɓallin zafi ya tsaya a digiri 60. Fiye da haka ɓarnar wuta ce, yana iya sale fatar yaro, kuma yana gaggauta taruwar farin dattin nan da ke manne wa ƙarfen. Ƙasa da haka sosai ma akwai hatsari, domin ƙwayar cutar huhu da ake kira Legionella, wadda aka gano bayan annobar Philadelphia ta 1976 a Amurka, tana yaɗuwa a ruwa mai ɗumi tsakanin digiri 20 da 45. Bututun da ke fitar da ruwan zafi a naɗe shi da soso don kada zafin ya tsere. Ɗan bawul ɗin da ke ɗiga a ƙasan tanki kuma kada a toshe shi, shi ke rage matsi in ruwa ya kumbura.

Yanzu ƙarfe uku na dare muke kunnawa, mu kashe kafin mu fita masallaci. Ruwan na Baba ne da ƙananan yara, kuma mukan sirka shi da na sanyi, sai ya isa kowa. Mun kuma ajiye littafi kusa da mita, duk ƙarshen wata mu da maƙwabta mu rubuta lamba tare. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa, amma saɓanin da lissafi zai iya rabawa bai kamata ya kwana ba.

Jiya da asuba Baba ya riga mu fita, har ya tsaya ƙofar maƙwabcin da butarsa yana tambaya ko a zuba masa. Allah ya bar zumunci, amin.