Wasiƙa zuwa ga ƙanwata a Bonkuku



Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan Abala lafiya lau.

Saƙonki ya iso. Kin ce Buzayen da tashin hankali ya koro daga iyakar Mali, waɗanda suka sauka bayan gidanku, suna hana ku barci da kiɗan tende, har maigida na shirin kai ƙara wurin maigari. Don Allah ki ba shi haƙuri, ya dakata.

Tun 2012, da yaƙi ya kwararo da mutanen Menaka da Andarambukan zuwa sansanin Abala, nake ganin irinsu a wurin aikinmu na jinya. Mace za ta zo da ciwon kai da faɗuwar gaba, ba ci ba barci, a auna ta a rasa cuta. Abin da ta gani a hanya ne ke cin ta. Akwai wata da aka kashe wa miji, ta daɗe ba ta ce wa kowa uffan ba. Ran da mata suka ɗaura fatar akuya a bakin turmi don kiɗan tende, suka zauna kan taɓare biyu don fatar ta miƙe, suka yayyafa mata ruwa, a gefe ta raɓe. Can sai na ga tana tafi, daga baya ta shiga amshi. Washegari da ƙafarta ta kawo ɗanta awo.

Magani na nan da aikinsa, amma a taron nan take jin harshenta da sunayen garuruwan da ta baro, ta samu masu cigiyarta idan ba ta fito ba. Jiki ya gaji, barci ya zo. Buzaye sun daɗe da sanin haka, dama suna kaɗa tende musamman don wanda damuwa ta kama. Ki tuna da yayanmu ma a Kumasi: in kewar Kurfai ta taso masa, gogen gida yake kunnawa a waya.

Ki je ki gaishe su, ki riƙa musu ɗan gero. Ku daidaita lokacin da za a riƙa tashi cikin mutunci. In bikin ɗiyarki ya zo bayan kaka, ki gayyace su da turminsu. Baƙonka annabinka, kuma ba wanda ya san inda gobe za ta kai shi.

Ki gaishe da Inna da kowa da kowa.

Taki har kullum,
Yayarki