Kan masu kulle rubutu don kada a kwafa

'Yan uwa ɗalibai na Mubi, 'yan Poly da 'yan ADSU, na san kun taɓa cin karo da wannan: ka buɗe shafin da aka zuba tambayoyin jarabawar baya, ka danne kalma da yatsa don ka kwafe ta ka nemo ma'anarta, sai shiru. Shuɗin nan da ke rufe kalma ya ƙi fitowa. Wayarka lafiyarta ƙalau, mai shafin ne ya kulle.

Makon jiya wani ɗan ajinmu mai tara handawut a shafinsa ya ce in sa masa irin wannan makulli, wai ana kwashe masa wahala ana yaɗawa a WhatsApp ba ko sunansa. Yana da gaskiya, dare yake raba yana bugawa. Kuma aikin minti ɗaya ne, layi guda na CSS, user-select: none. Amma na ce masa, abokina, wa kake son hanawa?

Duk rubutun da ya bayyana a allonka ya riga ya sauka cikin wayarka. Layin nan roƙon burauza kawai yake yi kada ta bari a zaɓa. Mai niyyar sata zai ɗauki hoton allo, Google Lens ya ciro masa rubutun tsaf, ko ya danna F12 a kwamfuta ya cire layin. To wa ya rage a waje? Yaron da ya zo daga Maiha ko Michika, Turanci bai gama zauna masa ba, yana son fassarar kalma ɗaya tak. Da 'yar uwar da datarta ta kusa ƙarewa, tana son ajiye sakin layi biyu ta karanta da dare.

Sai muka juya abin. Burauza tana iya gaya wa kod abin da mai karatu ya zaɓa: window.getSelection() ke kawo shi, toString() ya ba ka kalmomin, getRangeAt(0) da getBoundingClientRect() su nuna maka inda suke a allo. Da wannan muka sa ɗan maɓalli yana fitowa kusa da kalmar, ka taɓa ka ga bayaninta da Hausa. In kuma mutum ya kwafa, kod na tare abin a lokacin copy ya liƙa sunan shafin da adireshinsa a ƙarshe. Ana iya gogewa mana, amma mai turawa guruf cikin sauri ba ya tsayawa gogewa.

Masu furojet, ku lura da nan. Yawancin darussan YouTube da mouseup suke koyarwa, don masu su da linzamin kwamfuta suke aiki. Mu kuwa mutanenmu da yatsa suke karatu, kuma a waya ba abin dogaro ba ne. A saurari selectionchange a kan document. Shi kuma da ka ɗan ja yatsa sai ya sake tashi, don haka a sa masa jinkiri kaɗan. A duba rangeCount kafin a kira getRangeAt, in ba haka ba kod zai faɗi idan babu abin da aka zaɓa. Sannan maɓallinka ya zauna ƙasan kalma, domin Android ta saba ɗora nata jerin kwafa da turawa a sama, sai su rufe naka.

Akwai ma wani abin da ya burge ni. Tun 2020 Chrome ke gane adireshin da aka ƙara wa #:~:text=, wanda ke kai mutum daidai kan jimlar da ka zaɓa, ba saman shafi ba. Ran musu a guruf kan amsar tambaya ta 4, wannan ya fi dogon surutu.

Inda muka tsaya yanzu shi ne bayanin kalmomin, don kod ba zai rubuta shi ba. Muna neman masu hannu a Hausa da Fulatanci, musamman 'yan kimiyya da 'yan akanta, kowa ya ɗauki kalma 20 daga kwas ɗinsa kafin a shiga jarabawa. Mai sha'awa ya taɓo ni.