Agolan Jirgin Sama

A ƙasar Amurka akwai wani irin ma'aikaci wanda ke tuƙa jirgin sama mai sunan wani gida, albashinsa kuwa daga wani gida dabam yake fitowa. Matafiyi ya sayi tikitin kamfanin United, ko Delta, ko American, ya shiga jirgi ya ga sunan kamfanin ɓaro-ɓaro a jikinsa, ba ya ko zaton matuƙin da ke gaba da masu raba shayi ba 'yan gidan ba ne.

Ga asalin abin. A shekarar 1978 Gwamnatin Amurka ta sakar wa kamfanonin jiragen sama mara, kowa ya zaɓi hanyarsa ya yanka kuɗinsa. Manyan kamfanoni suka ga kai babban jirgi ƙaramin gari hasara ce, sai suka shiga ba ƙananan kamfanoni kwangila, su kwaso mutanen ƙananan garuruwa su kawo babbar tasha. Jiragen da ake wannan aiki da su galibi masu kujera 50 ne zuwa 76. Kamfanin SkyWest na jihar Utah shi kaɗai manya huɗu yake yi wa aiki, watau United da Delta da American da Alaska. Waɗansu kuma mallakar manyan ne, kamar yadda Endeavor yake na Delta, Envoy da PSA da Piedmont na American.

To, babban abin da ke jawo samari da 'yan mata cikin wannan aiki shi ne fas. Ma'aikaci yana iya shiga jirgin babban kamfanin da suke yi wa aiki kyauta, ko ya biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, shi da iyalinsa, sau da yawa har da iyayensa. Wanda ya ji haka sai ya ce kakarsu ta yanke saƙa. Amma fas ɗin yana da sharaɗi guda: sai in kujera ta ragu.

Mai fas ba ya da lambar kujera. Zuwa yake yi ya tsaya bakin ƙofa da 'yar jakarsa, yana duban allo. A kira masu tikiti su shige. A kira waɗanda jirginsu na ɗazu ya bari, su ma su shige, gama sun biya. Sa'an nan a juyo kan ma'aikata, su ma hawa hawa ne. A kamfanoni da dama ana bin daɗewa a aiki, kuma ɗan gida yana gaban ɗan kwangila. Sai ka ga mutum ya shekara goma yana jigilar fasinjojin kamfani, ruwa da iska, amma yaron da babban kamfanin ya ɗauka bara ya wuce shi ya zauna, shi kuwa a rufe ƙofa yana kallo. Agola ke nan, ana ci da shi, ba a rabon gado da shi. Matuƙi yana da 'yar dama, don akwai wata kujerar naɗewa a ɗakin tuƙi da yakan roƙa, in shugaban jirgin ya yarda. Matarsa da 'ya'yansa ba su da wannan. Ranar biki kuwa, sa'ad da kowa ke son zuwa gida, ran nan ne jirage ke cika maƙil.

Da a ce yawon shaƙatawa kaɗai ake yi da fas, da maganar ba ta yi nauyi ba. Amma da shi mutane da yawa ke zuwa aiki. Tashoshin da ake ajiye ma'aikata suna manyan birane irin su New York da Chicago, inda kuɗin haya ya fi ƙarfin sabon ma'aikaci. Don haka sai ya zauna garinsu mai nisa, ya dogara ga kujerar da ta ragu. In ya iso da wuri ya kwana a wani ɗakin haya na taron dangi, gado bisa gado, ko ya kishingiɗa a ɗakin hutun ma'aikata. Kamfani ya ƙidaya fas cikin alherin da yake yi masa, alhali kuwa wahalar neman kujerar a wuyansa take shi kaɗai.

Ran 12 ga Fabrairu, 2009, wani jirgin kamfanin Colgan, mai aiki da sunan Continental, ya faɗi kusa da birnin Buffalo, mutum 50 suka rasu. Da aka bincika, aka tarar mataimakiyar matuƙin tana zaune ne wajen Seattle, fiye da mil 2,000 daga tasharta ta Newark, kuma cikin jiragen kaya ta kwana tana tafe kafin ta kama aiki. Albashinta bai kai dala 20,000 a shekara ba. Masu bincike sun aza laifin faɗuwar kan kuskuren tuƙi, amma sun ambaci gajiya. Bayan wannan aka yi doka, daga 2013 ba a ɗaukar mataimakin matuƙi sai ya yi sa'a 1,500 a sama, in ban da 'yan rangwame ga soja da masu digirin tuƙi. A 2014 aka tsananta dokar hutu. Albashin matuƙa ma ya hau ƙwarai wajen 2022, da suka yi ƙaranci. Nisan da mutum zai taso kuwa, doka ba ta ƙayyade shi ba.

Har wa yau fas ɗin a jikin kwangila yake rataye. A shekarar 2020, da annoba ta tsai da tafiye-tafiye, kamfanonin Compass da Trans States suka rufe cikin watan Afrilu. ExpressJet kuma, da United ya janye aikin da yake ba shi, ya daina tashi da sunansa a ƙarshen Satumba. Ma'aikatansu suka koma neman aiki, wanda ya samu a wani kamfani kuwa aka rubuta sunansa a ƙasan layi, aka soma ƙirga masa shekaru daga ɗaya.