Bashin Wata Takwas

A makon da ya gabaci Kirsimetin 2022 na shiga wani shagon kayan lantarki kusa da Terminus a Jos, na fito rungume da kwali. Cikin kwalin akwai PlayStation 4, na'urar wasan bidiyo da kamfanin Sony ya fitar tun 2013. Ba sabuwa ba ce, ta hannu ce da aka shigo da ita daga Turai, gama sabuwar ƙirar da ta fito a 2020 ta fi ƙarfin malamin makaranta irina. Kuɗinta a dunƙule naira 160,000 ne. Ni kuwa 40,000 ke aljihuna. Mai shagon ya karɓe su a matsayin kafin alƙalami, ya ce in riƙa kawo 20,000 kowane ƙarshen wata har wata takwas. Wani ɗan'uwa daga ƙungiyar mawaƙan ikkilisiyarmu ya sa hannu ya tsaya mini.

Ina da hujja, kuma ba ta banza ba ce. 'Ya'yana biyu maza sun saba da zuwa shagon gem na bayan layinmu, inda ake biyan kuɗi a buga ƙwallon FIFA, inda kuma samari ke shan abin da ba na so yaro ɗan shekara goma sha huɗu ya san sunansa. Na ce gara su yi wasan a gabana. Amma tun da na ɗauki alƙalami domin in faɗi gaskiya a gaban 'yan'uwa, sai in ƙara da cewa akwai wata hujja da ban furta wa kowa ba: ina so ranar Kirsimeti yaran maƙwabta su cika falona, a ce gidan Malam ne.

Ni nake koyar da lissafi, amma ban yi lissafin ba sai daga baya. Bashin da ya rage a kaina 120,000 ne, abin da zan biya a kansa kuwa 160,000. Wato ruwan 40,000, kashi ɗaya bisa uku na bashin, cikin wata takwas. Da mai shagon ya ce mini zai ba ni rance da irin wannan ruwa, da na tashi na kama hanya. Bai ce haka ba. Ya ce dubu ashirin-ashirin ne kawai, ni kuma na ji “kawai” ɗin na bar sauran. Matata na gaya mata cewa na saya da kuɗin gyaran takardun jarrabawa, ban ambaci bashi ba.

Watanni biyar na farko na biya, ko da yake da ƙyar. Ba wanda ya faɗa mini cewa na'urar tana da ciki. In babu wuta sai yara su zuba mini ido, in tayar da janareta. Abin riƙewa na hannu ɗaya ya lalace a watan Maris, na sayi wani, domin wasan mutum biyu da hannu ɗaya faɗa ne. Sa'an nan ranar 29 ga Mayu, 2023, sabon shugaban ƙasa ya sanar cewa tallafin mai ya ƙare. Litar fetur da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki kaɗan. Kuɗin mota zuwa makaranta ya tashi, mudun masara ya bi shi, albashi kuwa yana nan inda yake. Ƙarshen Yuni ya zo ba ni da dubu ashirin.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma da na tsaya a nan, da labarin bai isa a rubuta ba. Abin da ya biyo baya shi ne nake jin nauyinsa.

A lokacin ni ne ma'ajin zumuntar maza. Iskar farkon damina ta yaye rufin ɗakin wata gwauruwa a ikkilisiyarmu, tsohuwa mai riƙon jikoki uku, muka tara naira 65,000 domin kwano da ƙusa da ladan kafinta. Kuɗin suna cikin ambulan a akwatina. Yaron shagon ya kira ni sau uku a yini ɗaya, ya tuna mini da tarar jinkiri, ya ce gobe za su nemi wanda ya tsaya mini. Na hango fuskar ɗan'uwan nan yana amsa waya a kan bashin wasan yara. Da dare na buɗe ambulan na zare dubu ashirin. Ban kira shi sata ba. Na ce aro ne, albashi na shigowa zan mayar. Da shugaban zumunta ya tambaye ni ranar fara aiki, na ce kafinta ya yi tafiya.

Albashi ya yi jinkiri. Mako uku ruwan Yuli yana sauka, wanda ya san Jos kuwa ya san ruwan Yuli da sanyin da ke biyo shi. Tsohuwar ta kwashe jikokinta suna kwana a ɗakin girki. A gidana kuma kowace yamma ana ihun an ci ƙwallo.

Ranar wata Lahadi aka karanta sura ta huɗu ta littafin Sarakuna na Biyu. Na san labarin tun ina makarantar Lahadi: matar ɗaya daga cikin ƙungiyar annabawa, mijinta ya mutu ya bar bashi, mai bin bashin yana zuwa ya kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayi. Kullum hankalina yakan tafi ga man da ya yi ta zuba har tukwane suka ƙare. Ran nan sai ya tsaya a kan mijin. Nassi ya shaida cewa mai tsoron Ubangiji ne, duk da haka ya bar wa iyalinsa abin da ya kusa cinye 'ya'yansa. Ashe mutum yana iya zama a layin gaba a majami'a, yana rera waƙa da gaskiya, a gida kuwa ya haƙa ramin da wasu za su faɗa. Na ɗaga ido na ga gwauruwarmu a layin mata, tana tari.

Na kuma lura da wani abu. Annabi Elisha bai hana matar aro ba, shi ne ma ya aike ta wurin maƙwabta ta aro tukwane, ya ce kada ta aro kaɗan. Amma tukwanen aiki ne, za su cika su biya kansu. Don haka ba na cikin masu cewa kowane bashi zunubi ne. Na ga matan zumunta sun ci bashin keken ɗinki sun biya daga ɗinkin, na ga manomi ya karɓi taki zuwa kaka. Nawa aron ba ya haifar da ko kwabo, ci yake yi. Kafin kome kuma, annabin ya tambayi matar abin da take da shi a gida. Ni na san abin da ke gidana. Yana ƙarƙashin talabijin.

Da dare na faɗa wa matata duka. Ta yi shiru har na ɗauka ba za ta amsa ba, sa'an nan ta ce, “Baban yara, takardar shagon na gan ta tun watan Maris a aljihun wandonka. Ina jira ne ka faɗa da bakinka. Amma kuɗin Mama, wannan ban zata ba.” Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga, da ya fi mini sauƙi.

Darajar naira ta faɗi tun tsakiyar Yuni, kayan waje sun yi tsada, saboda haka na sami mai saye a 150,000. Na kai wa shagon 40,000 na watanni biyun da suka rage, na mayar da dubu ashirin cikin ambulan. A makonni ukun nan kuɗin bandir ɗin kwano ya ƙaru, na cika bambancin daga aljihuna. Ragowar muka ajiye domin kuɗin makarantar watan Satumba.

Ranar Laraba na tsaya gaban kwamitin zumunta na faɗi abin da na yi, har da ƙaryar kafinta. Na ajiye littafin ma'aji a kan tebur. Wani dattijo ya ce, “Ɗana, da ka zo ka ce ba ka da dubu ashirin, wa zai hana ka a cikinmu?” Ba ni da amsa, gama tambayar ba ta taɓa zuwa raina ba. Sun yi mini addu'a, suka karɓi littafin, kuma ina ganin daidai suka yi. Tun daga lokacin mutum biyu ke riƙe kuɗin zumunta.

Faɗa wa yara ya fi kwamitin wuya. Ƙaramin ya yi kuka, ya kwana biyu ba ya gaishe ni da kyau. Babban ya tambaye ni ko don sun yi laifi ne. Na ce a'a, laifina ne, na kuma gaya masa inda jikokin Mama suke kwana da dalilin da ya sa. Ya dube ni irin duban da ɗa bai saba yi wa ubansa ba, ni kuwa ban kawar da kai ba.

Ranar Asabar aka yi rufin. Babban ya bi ni ba tare da na kira shi ba, ya yini yana miƙa wa kafinta ƙusa. Da muka gama, tsohuwar ta fito da ƙullin gyaɗa ta danƙa mini, tana ta sa albarka, tana cewa Malam ya sha wahala saboda ita. Na ce, “Mama, zauna tukuna, akwai maganar da zan faɗa miki.” Yaron ya jawo mata kujera.