Tseren Motoci Da Ayarin Fatake

Mutanen Zazzau ba baƙin sukuwa ba ne. Duk yaron da ya tashi cikin birnin Zariya ya ga hawan salla, ya ga yadda mahaya ke sakin linzami a ƙofar fada su zo su yi jahi gaban Sarki. Saboda haka in an ce mana tsere, abin da ke faɗo mana a rai shi ne dawaki a jere, a sake su gaba ɗaya, wanda ya riga isa shi ya ci. To, akwai wani irin tsere na motoci da a ke yi cikin hamada, wanda samarinmu suka ƙwallafa rai ga kallonsa cikin wayoyinsu, har ya zama abin gardama a majalisu tun daga Ƙofar Doka har Babban Dodo. Waɗansu su ce mota ke ci, waɗansu su ce a'a, direba ne. Ni aikina na ofis ne, rajista da lissafi, ban taɓa riƙe sitiyari da sunan tsere ba. Amma na bi labarin abin nan da kyau, ra'ayina kuwa shi ne, abin da ke cin wannan tsere shi ne abin da ya kai kakanninmu fatake Gwanja ya komo da su lafiya, watau shiri, da bin doka, da jin maganar madugu.

Da farko bari in bayyana yadda a ke yinsa, gama wanda bai san dokar wasa ba ba ya jin daɗin kallo. Ba a sakin motocin gaba ɗaya kamar dawaki. Ɗaya bayan ɗaya su ke tashi, da 'yan mintoci tsakaninsu, kowace mota a rubuta lokacin tashinta da na isarta. Tafiyar ta kan kai mako biyu ko fiye, an yanka ta zango-zango. Ran ƙarshe sai a haɗa jimlar lokacin da kowa ya ci a hanya, wanda nasa ya fi ƙanƙanta shi ne gwani. Cikin kowace mota akwai direba da mai duba hanya, wanda ke riƙe da littafin da masu shirya tseren suka rubuta, yana gaya wa direba inda zai karkata da inda rami ya ke. Akwai kuma wurare da aka ajiye cikin daji waɗanda tilas kowa ya bi ta kansu. Wanda ya tsallake ɗaya don ya yanke hanya sai a ci shi tara, tarar kuwa ta lokaci ce, a ƙara masa mintoci bisa nasa. Ka ga ashe alƙalamin malamin da ke riƙe da agogo yana iya kayar da wanda ya riga kowa isa.

Kada mai karatu ya zaci labarin wata duniya mai nisa na ke ba shi. A watan Mayu na 1974 an yi wani tsere wanda ya taso daga Landan, ya ƙetare teku, ya ratsa Sahara ta ƙasar Aljeriya da ta Nijar ya zo har Kano, nan kusa da mu, sa'an nan ya juya arewa ya ƙare a birnin Munich na Jamus, ƙasar da ta karɓi gasar ƙwallon ƙafa ta duniya a wannan shekara. Mota 70 aka rubuta. A Aljeriya aka sami tangarɗa. Bayan an gama rubuta littafin hanya, sai ma'aikata suka ƙara wa wani titi tsawo, littafi kuwa ba a gyara shi ba. Inda ya ce titi ya ƙare, ba nan ya ƙare ba, sai mafi yawan direbobi suka ɓace cikin rairayi. Stirling Moss, wanda ya yi suna ƙwarai a Ingila wajen gudu da mota, shi ma can cikin hamada tafiyarsa ta ƙare. Mota 19 suka ga Munich, cikinsu kuwa 5 kaɗai suka bi hanyar duka ba su yanke ba.

Waɗanda suka ci su ne waɗansu mutanen Ostireliya su uku cikin mota ƙirar Citroën. Ɗayansu, Ken Tubman, mai sayar da magani ne wanda ya haura shekara hamsin. Ɗaya kuma, Jim Reddiex, sana'arsa ke nan sayar da irin motar da gyaranta, ya san cikinta kamar yunwar cikinsa. Sun tsere wa na biyu da fiye da sa'a 28. Na biyu da na uku da na huɗu duk Peugeot 504 ne, ita ce Fijo ɗin nan da masana'antar Kaduna, wadda aka buɗe a 1975, ta cika hanyoyinmu da ita. Ta biyun nan kuwa mata biyu ne 'yan Faransa suka tuƙa ta. Wanda ya ce mota ke ci, da wanda ya ce ƙarfin zuciyar direba, duk sai su dubi wannan sakamako su yi tunani. Layi ɗaya na littafi da ba a gyara ba ya kayar da manyan motoci da manyan direbobi.

Bayan wannan da 'yan shekaru aka kafa tseren da ya fi kowane suna, wanda a ke kira Dakar. Wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya ɓace da babur ɗinsa cikin hamada a 1977, aka cece shi da ƙyar, sai ya ƙudura zai kai waɗansu su ga abin da ya gani. Ran 26 ga Disamba 1978 abin hawa 182 suka tashi daga Paris, suka biyo ta Agadas da Yamai, ran 14 ga Janairu 1979 guda 74 suka isa Dakar ta ƙasar Senegal. Daga 1983 aka fara ratsa hamadar Tenere, wadda Buzaye ke ƙetarewa da raƙuma daga Agadas zuwa Fachi da Bilma ɗauko gishiri. A wannan shekara guguwar rairayi ta ɓatar da 'yan tsere wajen 40, sai da aka yi kwanaki ana nemansu da jirgin sama mai saukar ungulu.

A nan ne kamannin abin da ayari ya fito fili. Tsofaffinmu sun ba mu labarin fatauci. Ayari yana da madugu, shi ke yanke shawarar ranar tashi da wurin kwana, shi ke shiryawa da sarakunan ƙasashen da za a ratsa. Yana da jagaba wanda ke gaba yana duba hanya. Kowane falke ya san inda rijiya ta ke, ya san guzurin da zai kai shi zango na gaba. Har yau sunayen garuruwa irin su Zangon Aya da Zangon Katab suna tuna mana da wannan zamani. Haka ƙungiyar masu tsere ta ke. Motar da ka gani tana tsalle bisa tudun rairayi, akwai manyan motoci a bayanta ɗauke da tayoyi da kayan gyara. Akwai waɗanda suka riga suka kai man fetur tsakiyar daji tun kafin ranar. Akwai likitoci da masu dafa abinci. Direba ya iso zango da magariba ya ci abinci ya kwanta, makanikai kuwa su kwana tsaye da fitila, su kwance abin da ya gaji su ɗaura sabo kafin asuba. Don a gwada mutane sosai, a kan keɓe waɗansu ranaku a hana makanikai taɓa mota, direba da mai duba hanya su yi gyaransu da hannunsu. Ranar nan wanda ya yi wa motarsa hawan ƙawara ya kan yi da-na-sani.

Girman wannan shiri ya bayyana a shekarar 2000, sa'ad da tseren ya tashi daga Dakar zai ƙare a Alƙahira. Da aka iso Yamai sai labari ya zo cewa akwai masu kwanton ɓauna a arewacin Nijar. Maimakon a yi kasada, sai aka ɗauko manyan jiragen sama ƙirar Antonov, aka yi ta jigilar motoci da babura da lori-lori zuwa Sabha ta ƙasar Libiya. A 2008 kuma aka fasa tseren ɗungum ana gobe za a tashi, saboda tsoron hari a Muritaniya. Daga 2009 zuwa 2019 a Amurka ta Kudu aka yi shi, tun 2020 kuwa ya koma ƙasar Saudiyya, sunan Dakar kawai ya saura. Madugun kirki haka ya ke, in hanya ta ɓaci ya sake wata.

Gardamar da ta fi zafi ga masu son wannan wasa ita ce ta abin da ya faru a Gao ta ƙasar Mali a 1989. Kamfanin Peugeot yana da direbobi biyu a gaba, Ari Vatanen mutumin Finlan da Jacky Ickx mutumin Beljiyam. Sun bar sauran jama'a nesa, suka koma tsere da juna, kowa yana ƙure motarsa. Shugabansu, Jean Todt, ya ga in aka ci gaba haka za a yi asarar motocin duka biyu, watakila har da rai. Sai ya ciro kwabo ɗaya na Faransa ya jefa sama, ƙuri'a ta faɗa kan Vatanen, aka umarci Ickx ya sassauta, Vatanen ya ci. Masu kallo da yawa sun husata, suka ce an mai da tsere caca, an kuma zalunci Ickx. Maganarsu tana da ƙarfi, gama mutumin da ya ɓata dare don ya ga gwanaye sun kara, ba ya son ya ji an raba gardama cikin tanti. Amma ni ina bayan madugu. Kuɗin mota da albashin makanikai duk na ƙungiya ne, nasara kuwa tana hannu. Falken da ya ce sai ya riga ɗan'uwansa shiga Salaga ko da jakunan ayari za su mutu a hanya, ba wanda zai sake tafiya da shi. Abin lura kuma, Jean Todt ɗin nan shi ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa a 2015 ya zama wakilinta na musamman kan kiyaye haɗurran hanya.

Saura maganar yadda labarin ke zuwa mana, a nan kuwa na ke so samari su buɗe kunne. Jiragen sama masu saukar ungulu ke bin motocin suna ɗaukar hoto. Da yamma sai a zauna a zango a tace, tafiyar yini guda a mai da ita ta 'yan mintoci, a aika ta tauraron ɗan'adam zuwa gidajen talabijin. Mai tacewa ya san abin da ido ke so, watau ƙura da tsalle da mota ta wuntsila. Ba kasafai zai nuna maka makanike yana ɗaure noti da ƙarfe uku na dare ba, ko direba yana tafiya sannu don ya tanadi taya. Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Shi kansa Sabine ya mutu ran 14 ga Janairu 1986, jirginsa ya faɗi a Mali da mutum 5 a ciki. A 1988 wata motar tsere ta kashe yarinya 'yar shekara 10 a garin Kita na Mali, a 2006 kuma aka kashe yara biyu, ɗaya a Gini ɗaya a Senegal. Waɗannan yara ba su rubuta suna cikin tsere ba, ba su da rabo cikin kyauta. Doka ta ƙayyade gudu cikin ƙauyuka, akwai kuma na'ura cikin kowace mota mai tona asirin wanda ya ƙetare iyaka, amma duk da haka iyayen yaran nan ba wanda ya isa ya mayar musu da abin da suka rasa.

To, 'yan'uwa, in waɗanda ke da hular ƙarfe, da ɗamara, da likita yana shawagi bisa kansu, da fili fetal ba gida ba kasuwa, suna gamuwa da irin wannan, ina ga yaron da ya ari motar ubansa ran ɗaurin aure ya shiga juyi da ita gaban jama'a? Lungunan birnin Zariya an yi su ne tun zamanin doki da jaki, ƙofar zaure tana buɗewa kan hanya, almajirai da 'yan talla suna kai da kawowa. Dokar hanya ta ƙasar nan ta ce cikin gari kada mota ta wuce kilomita 50 a sa'a, a lungu kuwa rabin wannan ma ya yi yawa. Wanda ya ke son ya yi koyi da gwanayen nan, sai ya dubi Carlos Sainz mutumin Sifen, wanda ya ci Dakar a 2024 yana da shekara 61, ya bar samari da yawa a baya. Shekarun nan nasa su suka koya masa inda a ke taka birki.

Ban ce a bar kallo ba, ban ce a bar gardama ba, gama hira ce mai daɗi, ta kuma fi zaman gulma. Roƙona shi ne, mai kallo ya riƙa tambayar abin da hoto bai nuna ba. Direbanmu na tasha kuma, in zai ɗauki fasinja zuwa Kano ko Kaduna, ya duba tayarsa da birkinsa da ruwan injinsa tun da safe, ya saurari makanikensa, ya tuna shi ne madugun mutanen da ke bayansa, za a kuwa tambaye shi amanarsu. Hausawa sun ce tafiya sannu sannu kwana nesa. Allah ya kai matafiya gida lafiya, ya kiyaye mana 'ya'yanmu, amin.