Gumbar Yaya

Ni na raka Yaya asibitin Galmi, don ni ce mai karatun boko a gidanmu, ni ke karanta ma kowa takardar magani. Mun tashi daga tashar Ƙonni da sassafe, muka wuce Tsarnawa, muka wuce gidan siminti na Malbaza, ba ta ce mini uffan ba. Wata takwas ke nan tana rama, tana shan ruwa kamar ba gobe, tana tashi fitsari sau huɗu sau biyar cikin dare. Aka ɗebi jininta ba ta karya ba. Likita ya ce in sukarin mai azumi ya kai giram 1,26 a lita, ciwo ne, nata kuwa ya kusa ninka haka. Aka rubuta mata metformin, aka ce ta bar shayi mai sukari, ta rage fura da tuwo. Na fassara komi, muka dawo gida ina jin mun gama.

Ashe akwai abin da ba ta faɗa ba, ni kuma ban san a tambaya ba.

Bayan wata biyu mijinta ya kawo ƙara wurin Baba, wai Yaya tana gudun shi. Ina bayan zana ina wanki, na ji komi. Ba mugun mutum ba ne, shi ya biya kuɗin motarmu zuwa Galmi. Amma a ganin shi mace ba ta juya ma miji baya sai in ta daina son shi. Gwaggo ta yanke hukunci nan take: sanyi ne. A garinmu duk abin da ya sami mace daga cibiya zuwa ƙasa sunan shi sanyi. Ta aika Illela ta Najeriya, aka kawo kayan mata irin na Sakkwato.

Ran da na je yi mata shara na tarar da kwanon ƙarƙashin gado. Gumba ce, ta gero da dabino da aya da zuma, ga tsimi cikin gora, na rake da mazarƙwaila. Matar da ta bar shayi saboda cokali biyu na sukari, ita ce ke cin wannan safe da dare, a ɓoye, don ta tsare aurenta. Na ce, "Yaya, wanga ai sukari ne zalla." Ta harare ni ta ce, "Ke budurwa, mi kika sani?" Sai kuma ta fashe da kuka. Ta ce ba ƙin shi take ba. Zafi take ji, ga bushewa, ga ƙaiƙayi da ya ƙi ƙarewa, ga gajiya kamar ta yi daka yini guda. Ta ce, "Wa zan gaya ma? Likita namiji? Ko Inna?"

Gaskiyarta, ban san komi ba. Sai na cire kunya na sami wata ungozomar likita, yayar ƙawata, na ce tambaya ce ta makaranta. Ta kalle ni, ta gane ƙarya nake, amma ta amsa. Ta ce sukari in ya daɗe da yawa cikin jini yana ɓata ƙananan hanyoyin jini da jijiyoyin da ke kai saƙon ji, kuma bai tsaya ga ido da ƙafa kaɗai ba. Jini ya ragu a gaban mace, danshi ya ragu, saduwa ta zama azaba. Sukarin kuma abinci ne ga ƙwayar da ke kawo ƙaiƙayi da farin ruwa, shi ya sa ake magani yana dawowa. Ta ce ko wasu magungunan hawan jini suna rage sha'awa, sai dai a gaya ma likita ya canza, ba a yanke su da kai ba. Akwai maganin ƙaiƙayin, akwai man da ake saye a farmasi don bushewar. Kayan matsi da ake cusawa kuwa, ta ce ciwo suke ƙarawa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, in namiji ne sukari ya taɓa ma ƙarfi, har a lasifikar masu magani cikin kasuwa za ka ji ana shelar shi, ba mai jin kunya. Mace kuwa sai dai a ce ta canza hali.

Na kai ma Yaya bayanin. Ba ta zubar da gumbar ran nan ba, kuɗi ta ci, kuma Gwaggo na tambaya. Yara ta dinga ba kaɗan kaɗan. Da ranar komawa asibiti ta matso, ta kira ni ɗaki ta rufe ƙofa. Ta ce bakinta ba zai iya ba, in rubuta mata da Faransanci ta miƙa ma likita. Na yago takarda daga littafin lissafina, na rubuta layi uku, hannuna na rawa. Ta ninke ta huɗu, ta cusa cikin karnenta na asibiti. Ta ce in je in gaya ma mijinta wannan karon shi take so ya raka ta, ba ni ba.