Ranar da Kek Ɗina Ya Yi Gumi

Akuya na sayar na biya kuɗin makarantar. Na fara da wannan ne domin mai karatu ya san ba nishaɗi ne ya kai ni Kano koyon adon kek ba. Akuyar nan ita ce jarina kaf. Ranar da dillali ya ja ta, Inna ba ta yi mini faɗa ba, tambaya ɗaya kawai ta yi: "Shi wannan abin da za ki koyo, ci ake yi ko kallo?"

Inna ta fi shekara talatin tana yin kayan gara a garinmu Badafi, cikin ƙaramar hukumar Kiru. Alkaki, nakiya, dubulan, cincin, babu wanda hannunta bai sani ba. Da su ta ciyar da mu bayan rasuwar Baba. Amma a 'yan shekarun nan amare sun fara nuna mana hotuna a waya: kek mai hawa biyu ko uku, an lulluɓe shi da wani farin abu sumul kamar an bi shi da dutsen guga. Daga Kano ake kawo shi, a kan cinyar wani a cikin mota. Na ce a raina, kuɗin nan da ke tafiya birni me zai hana su tsaya a gidanmu?

A watan Disamba na 2023 na shiga mota a Kwanar Dangora, na sauka a gidan goggona a Kano. Lokacin kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu, sukari da fulawa ma sun bi sahu. Da na shiga Kasuwar Singa sayen kayan aikin da aka rubuto mana, sai da na ƙirga canjina sau biyu.

Mu tara ne a ajin, a wani falo mai fanka da tayil. Malamar, wadda kowa ke kira Anti, ta ce sunan farin abin nan fondan, kalmar Faransanci ce mai nufin abin da ke narkewa. Muka yi dariya. Da na san abin da ke jirana da ban yi ba.

Haɗin ba shi da wani asiri. Ana jiƙa jelatin a ruwa kaɗan, a ɗumama shi har ya narke ba tare da ya tafasa ba, a zuba gilukos mai kauri da giliserin da ɗan farin man gashi, sannan a juye a cikin aisin suga da aka tankaɗe, wajen kilo guda, a yi ta murzawa. Jelatin ne ke ba shi danƙo, gilukos ya sa shi miƙewa, giliserin kuma ya hana shi bushewa da wuri. Wata ɗaliba ta tambayi daga ina jelatin yake. Anti ta ce daga fata da ƙashin dabbobi ake samo shi, kuma a ƙasashen waje da yawansa na alade ne, don haka kada mu kuskura mu sayi wanda aka ƙulla a leda babu suna. Mu nemi na saniya mai shaidar halal, ko mu yi amfani da garin CMC, wanda daga tsirrai ake yin sa. Wannan na rubuta shi da manyan baƙi, domin na san tambayar farko da dattawan garinmu za su yi ke nan.

Da aka zo murzawa sai na ga abin mamaki. 'Yan birni masu dogayen farata suna ta fama, ni kuwa hannuna ya gane hanya. Tura da tushen tafi, naɗe, juya, sake turawa: haka nake taya Inna murza kwaɓin dubulan tun ina 'yar firamare. Anti ta tsaya a kaina ta ce, "Ke kin taɓa yi ne?" Na ce a'a. Ban ce mata ɗiyar mai alkaki ce ni ba. Har yau ina jin kunyar wannan shirun.

Inda na sha wuya shi ne lulluɓi. Ana fara shafe kek da bota mai sukari har gefensa ya miƙe, sannan a murza fondan ya yi faɗi, kaurinsa kamar milimita 3 zuwa 4, a ɗauke shi a kan sandar murji a shimfiɗa a kai. Na yi zaton zai rufe duk wani kuskure. Ashe tona asiri yake yi. Ɗan tudu kamar ƙwayar gero a ƙasa, sai ya fito a sama kamar ƙurji. Ga kuma hunturu. Iskar Disamba busasshiya ce, kafin ka ɗauko shi daga tebur ya fara tsagewa a gefe kamar kaushin dunduniya. Anti ta koya mana ƙara giliserin, mu shafa mai a hannu, mu rufe ragowar da leda, mu yi sauri. Cikin mako uku na iya. Na dawo gida da takardar shaida da littafi cike da awo.

Wata bakwai ina yin ƙananan kek na suna da na zagayowar ranar haihuwa. Ba ni da obin, a tukunya nake gashi, da yashi a ƙasa da gawayi. Babban aiki na farko ya zo a watan Agusta na 2024: bikin ɗiyar ƙanin Baba, wadda za a kai Tudun Wada. Hawa biyu, fari da ruwan zuma. Matar Baffa ta ba ni rabin kuɗin a gaban mutane, ta ce, "To, 'yar Kano, mu gani a ƙasa."

Na bi littafina layi bayan layi, har da ƙarin giliserin ɗin nan na hunturu. Kwana uku ana ruwa. Da la'asar ɗin jajibiri na lulluɓe kek ɗin, ya yi kyau har na ɗauki hoto. Bayan isha'i na haska fitila sai na ga yana ƙyalli. Na taɓa, ya manne mini a yatsa. Furannin da na yini ina yi sun sunkuyar da kai, launin zuma ya fara gangarowa a kan fari.

Daga baya na fahimci dalilin. Sukari yana zuƙar ruwan da ke cikin iska, giliserin ma haka. Abin da ya cece ni a Disamba shi ya kashe ni a Agusta. A ajin babu wanda ya yi maganar damina, domin ba a cikinta muke ba, ni kuma ban tambaya ba. Na kira lambar Anti, a kashe. Na yi tunanin kai shi firjin mai shago, sai na tuna ta ce idan aka fito da shi daga sanyi raɓa ce za ta kwanta a kansa, ga shi wutar ma ba tabbas. Na zauna a bakin gado na fara kuka, ina tuna akuyata.

Inna ta shigo da fitilarta. Ta daɗe tana kallon kek ɗin, sannan ta dangwala ta lasa.

"Sanyi ya sha," in ji ta. "Sukari ba ya shiri da damina. Ba ki ga yadda nake ƙara wa ruwan sukarin alkaki wuta a wannan watan ba? Ba ki ga ba na barin kwalla a buɗe?"

Na gani mana. Shekara da shekaru ina gani, ban taɓa ɗaukarsa ilimi ba.

Ta sa na rufe taga na toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Ta ɗebo garwashin da ya gama hayaƙi a kasko, ta ajiye a can lungun ɗakin nesa da kek, ta ce iskar za mu busar, ba shi za mu gasa ba. Muka fito muka ja ƙofa, domin ba a kwana da gawayi a rufaffen ɗaki. A rumfa na sake kwaɓa sabon fondan, ba giliserin, na ƙara CMC da aisin suga. Inna ta karɓi curi guda tana jujjuyawa. Ban ankara ba sai na ga ta murza shi siriri ta nannaɗe, irin naɗin alkaki. Ta yi wani, ta yi wani.

Da asuba hawan ƙasa ya bushe, ya daina manne wa hannu. Na sama na ɓare shi na sake lulluɓewa. Inda launi ya zubo, muka jera naɗe-naɗen Inna a kewaye har suka rufe tabon. Akwai wata tsaga a baya da ta ƙi ɓoyuwa, sai na juya ta wajen bango. A kwali muka sa shi, na rungume shi a cinya har Tudun Wada, ina salati a kowane rami.

An yi hotuna sosai. Ƙawayen amarya suna ta tambayar wane irin ado ne wannan, ba su taɓa ganinsa a Instagram ba. Da aka yanka kuwa, yawancin manya ɓare fondan ɗin suka yi suka ajiye a gefen faranti, sun ce zaƙin ya yi yawa, yara suka bi suna tsincewa. Kwallar alkakin Inna tun kafin magariba aka ga ƙasanta. Matar Baffa ta cika mini kuɗina bayan mako biyu, ta cire na mota.

Ban sayi wata akuyar ba tukuna. Amma littafina yanzu kashi biyu ne, awon hunturu da awon damina, kuma rabin abin da ke shafin damina daga bakin Inna na rubuta shi. Idan amarya ta zo, nakan faɗa mata gaskiya: fondan ya fi bota jure zafi da doguwar tafiya, amma kada ta sa rai baƙi za su cinye shi. Wasu sukan ce a yi musu haka nan, saboda hoto. Wasu sukan ce a rage hawa ɗaya a ƙara musu kwallar alkaki.

Kwanan baya na tuna wa Inna tambayarta ta ranar da aka ja akuya. Tana tsame dubulan daga mai, ba ta ko ɗago ba.

"Ai na samu amsa," ta ce. "Naki kallo, nawa ci. Miƙo mini matsamin can."